Tafin Hannun Labbo

Duk wanda ya zauna Birnin Ƙonni a shekarun da motocin Kwatano suka cika garin ya san Labbo mai goge mota, ko da a ido ne. In ka kama hanyar da ta nufi iyaka, kafin ka kai wurin 'yan duwan, wato kwastan, akwai wata rumfar kwano a gindin dogon yaro. Nan yake wuni a sunkuye kan motar wani, inji na kuka a hannunsa, gemunsa ya yi dabbare-dabbare da farin mai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, kuma in kana so ka ga ɓacin ransa, kira shi mai fenti.

Shi ba ya fenti, tsohon fenti yake tayarwa. Motocin nan tsofaffi ne na Turai. A sauke su daga jirgin ruwa a Kwatano, a koro su arewa cikin rana da ƙaya da tsakuwar hanya, su iso Ƙonni sun koɗe sun yi fururu. Masu saye daga Sakkwato da Gusau suke ƙetarowa, kuma tambayarsu ta farko ba ta wuce ɗaya: fas bodi ce? Wato fentin da ta fito da shi daga kamfani ne a jikinta, ba a taɓa sake mata wani ba? Motar da aka sake wa fenti, komai kyanta, sai mai saye ya taɓe baki ya ce haɗari aka ɓoye a ƙarƙashi. Shi ya sa dillalan Ƙonni ke gudun mai fenti, suna neman Labbo.

Aikin a ido ba wuya. Ya wanke mota, ya bi wuraren da suka ƙarje da samfefa mai laushi da ruwa, ya shafa farin man gogewa, sannan ya ɗora inji. Injin yana da faifai a baki da aka sa wa gammon ulu, shi ke juyawa yana cin mataccen fenti na sama har mai ran da ke ƙasa ya fito yana ƙyalli. Wuyar kuwa ga ta: fentin mota bai fi ɓawon albasa kauri ba, kuma gammon zafafa shi yake yi. In ka ɗaga da wuri, mota ta fita dishi-dishi. In ka ƙara ƙiftawar ido a kan kima, fenti ya yi laushi ya biyo gammo, toka-tokan da ke ƙasa ya leƙo, shi ke nan ka ƙona motar mutane. Abin da aka ƙona ba ya komawa, sai dai a kai wa mai fenti, fas bodi ta tafi ke nan.

Tsakanin dishi-dishi da ƙuna, da tafin hannu Labbo ke aunawa. Ya goga kaɗan, ya ɗaga inji, ya kifa tafin hagu a wurin, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa, sannan ya maimaita ko ya matsa gaba. Dillalai sukan zauna a benci suna kallon wannan kifa hannun, har da masu kwaikwayonsa a kan tebur don dariya. Amma dukansu in suna kuri a gaban baƙo, abu ɗaya suke faɗa: Labbo bai taɓa ƙona mota ba.

Mutumin Tajaye ne. Cin rani ya fito da shi yana saurayi, wata shekara da gero ya ƙi, ya yada zango a Malbaza yana wanke manyan motocin siminti. A can ƙurar siminti in ta haɗu da raɓa takan daskare a jikin mota, ruwa da sabulu ba sa yi mata komai. Akwai wani Basakkwace, Alhasan, mai injin gogewa, wanda manyan ma'aikata ke kai wa motocinsu. Ranar da ya yarda ya karɓi Labbo, bai ba shi inji ba. Tsohuwar ƙofar mota ya jingina, ya goga, ya kamo hannun yaron ya danna a kai.

"Wanga zahi na aiki na," in ji shi. Ya ƙara gogawa, ya sake dannawa. "Wanga na kashedi na." Ya ƙara, har Labbo ya fizge hannu yana yarfawa. "Wanga kuwa, in kaj ji shi, ka riga ka yi ɓanna. Mota ba ta da baki, ɗan Tajaye. Da zahi ta ka magana."

Haka suka yi ta yi har hannun ya haddace. Da Alhasan ya tsufa ya koma gida, ya bar masa injin. Da motocin Kwatano suka fara kwararowa, Labbo ya tattara ya dawo Ƙonni, ya auri A'i, 'yar garin Bazaga, doguwar mace mai saurin hannu da saurin baki, wadda ke toya masar sayarwa a ƙofar tasha kowace safiya. Rumfar da ke jikin tasa ta Bala mai walda ce, mutum mai ƙatuwar murya da ba ya iya raɗa. Tun zuwan Labbo kwano ɗaya suke ci da rana, Bala na surutu, Labbo na gyaɗa kai. Rayuwa ta zauna daidai, ba arziki ba, ba tsiya ba.

Abin ya fara ne da ɗan zir-zir a yatsu in ya ajiye inji da yamma, kamar tururuwa na yawo a ciki. Bai kula ba, wa ke kula da wannan? Sai ya zama in ana sanyi yatsun su yi fari fat, maɓallin riga ya riƙa gagararsa. Ran nan da safe, bayan ya dawo masallaci, ya sauke butar shayi daga kan garwashi, ya riƙe ta yana neman inda ya ajiye kofi. A'i ce ta ji ƙauri. Ta waiwayo ta kwarma ihu, ta buge butar ta faɗi. Mariƙin ƙarfen ya zana masa layi a tafin hagu, fata ta tashi, shi kuwa yana tsaye yana kallon hannun kamar na wani.

Nan take gabansa ya yanke ya faɗi, don ya taɓa ganin irin wannan. A Tajaye, yana yaro, akwai maƙwabcinsu Mumuni da ke tsamo gyaɗa daga cikin wuta da hannu, yara na tafa masa. Bayan 'yan shekaru aka ware wa Mumuni kwano da moɗa, daga baya aka yi masa bukka a bayan gari, yatsun suka guntule ɗaya bayan ɗaya. Kowa a ƙasar nan ya san da me kuturta ke fara sallama.

"Malam, mu tai asibiti," in ji A'i, tana shafa masa man shanu.

"In lokotoro ya hwaɗa, gari ya ji," ya ce. "Wa za shi ba kuturu motatai? Ke kuma, wa za shi sai masar matar kuturu?"

Ta yage ƙyalle ta ɗaure masa hannun.

Daga nan Labbo ya shiga zaman ɓoyo a tsakiyar mutane, kuma babu zaman da ya kai shi gajiyarwa. Ya naɗe hannun ya ce ƙarfe ne ya yanke shi. Ya daina miƙa hannu a gaisa, kullum da tsumma a riƙe, ya ce da mai a hannunsa. Ya ce wa Bala cikinsa ba ya son yaji, ya koma cin abinci shi kaɗai a bayan rumfa, don tsoron kada ya shafa wa amininsa. Bala ya yi tsiya, ya yi ba'a, da ya ga abin ba na wasa ba ne sai ya yi fushi ya daina magana, shirun Bala kuwa ya fi ihunsa ciwo. Ga shi aikin Labbo duk madubi ne: kowace ƙofa ya goge, sai ya tsinci kansa yana leƙa fuskarsa a ciki, yana neman tabo a goshi, yana duba ko gashin gira ya fara zuba.

Kifa hannun kuwa bai fasa ba, don da ya fasa da an tambaya. Ya goga, ya ɗaga, ya kifa, ya karkata kai, amma babu abin da ke zuwa. Ya gwada da damtse a ɓoye. Damtse yana ji, sai dai jahili ne, komai ya taɓa sai ya ce zafi, bai san na aiki da na kashedi ba. Sai Labbo ya koma ɗagawa da wuri, gara dishi-dishi da ƙuna. Farar mota da mai ruwan toka sukan rufa masa asiri. Duk da haka dillalai suka fara ƙus-ƙus a benci cewa Labbo ya fara tsufa.

Ana cikin haka Alhaji Takama ya kawo baƙar mota. Alhaji Takama shi ne babban dillalin layin, mai motocin haya har Tawa, mutum mai fara'a da son a yabi kayansa. Motar Fijo ce, baƙa wuluk a da, yanzu rana ta mayar da ita kalar tsohuwar tukunya, ga zanen ƙaya a gefe. Duk mai wannan sana'a ya san baƙar mota ita ce alƙali. Ta fi kowace saurin ɗaukar zafi, kuma ba ta ɓoye komai, dishi-dishi a jikinta daga tsallaken titi ake hango shi.

"Fas bodi ta, Labbo, ko ƙusa ba ta taɓa ta ba," in ji Alhaji yana shafa ta. "Wani babban mutum na Sakkwato za shi zaka ran kasuwa. Na ce mai in yag ga huskatai cikinta sai ya gyara hula."

Labbo ya shiga neman hanyar zillewa. Ya ce gammonsa ya cinye. Alhaji ya buɗe bayan mota ya fiddo sabo dal a leda, daga Kwatano. Ya ce wuta ba ta zama kwanan nan. Alhaji ya ce zai aiko da janareto. Ya ce aiki ya yi masa yawa. Alhaji ya dubi rumfar, babu komai sai akuyar maƙwabta, ya yi dariya ya ce Labbo ya koyi jan aji. Ya ajiye makulli ya tafi.

Da yamma Labbo ya kasa cin tuwo. A'i ta zauna nesa kaɗan tana jiƙa shinkafar gobe, ta bar shi ya gama zayyana mata. Can ta ɗago hannunta ta juya shi a gabansa.

"Malam, wanga hannu tun ina ɗiya shi ka auna tanda. Ban taɓa sa ƙullu ba sai na gitta shi bisa, in san ko ta yi. Zahi dai zahi na. Gwada mini na mota."

"Ke, mace cikin garaji?"

"Abinci ni ka kawo ma. An hana mace kawo ma mijinta abinci?"

Washegari ya ɗauko wata tsohuwar baƙar ƙofa daga juji, ya kawo gida da injin, ya ja waya daga ɗaki. Ya jingina ƙofar a tsakar gida kamar yadda Alhasan ya yi masa, sai dai yanzu malamin ba ya ji. Hanya ɗaya ta rage: ya goga, ta taɓa, ya ƙara, ta taɓa, har fenti ya ƙone, don ta san zafin da ke zuwa gab da ɓarna. Sun ƙona ƙofar nan har ta koma kamar jikin zabuwa. A'i ta yi ta yarfa hannu tana tsaki, amma kanta na ja. Kafin rana ta faɗi tana cewa "tsaya" tun fenti bai nuna komai ba. Suka shirya cewa a garaji ba za ta ce tsaya ba, za ta ce, "Malam, ga ruwa."

Ranar aikin, wato jajiberin kasuwa, ta ƙare suyar masa da wuri ta iso da kwano da buta. Ta ajiye, ba ta tafi ba. Ta tsaya jikin motar kamar mai jiran a ba ta kwano, hannu ɗaya a kan ƙofa. Labbo ya ɗora inji. Ya goga, ya ɗaga, ya kifa nasa hannun don idon mutane, ita kuma ta zame nata kusa da wurin kamar ba da gangan ba. In ta yi shiru ya ƙara. In ta ce ga ruwa ya matsa gaba.

"Yau Labbo ƙishi ka kashe shi," in ji wani dillali daga benci. "Ko uwargida gadi taz zo yi, kar mota ta ƙwace mata miji?"

Aka kwashe da dariya. Bala yana rumfarsa, ya ɗaga gilashin walda ya dube su, ya mayar.

Abin kuwa ya yi. Ƙofofi suka tashi, gefe ya tashi, rufi ya tashi, nan tsawon A'i ya yi rana. Baƙin ya fito mai zurfi, har ganyen dogon yaro kana ƙirgawa a ciki. Labbo ya ji wani abu da ya daɗe bai ji ba yana motsi a ƙirjinsa, ya kusa yin murmushi. Bayan azahar saura kapo kaɗai, murfin inji, mai doro biyu da suka taho daga gilashi zuwa hanci. A kan doro fenti ya fi ko'ina siranta.

Ya shafa mai ke nan sai ga motar Alhaji Takama ta tsaya. Ba shi kaɗai ba ne. Baƙon Sakkwato ya yi sammakon kwana guda, ga shi nan cikin babbar riga, da mutum biyu a bayansa.

To, matar aure ba ta tsayawa ƙerere a tsakiyar baƙin maza da hannu a kan motarsu. A'i ta ja mayafi, ta durƙusa ta gaida Alhaji, ta gaida baƙi, ta ɗauki kwanonta ta koma bayan rumfa. Ba wanda ya kore ta, kuma ba yadda za ta yi ta zauna. Labbo ya bi ta da ido.

Baƙon ya zagaya motar, ya leƙa ƙofa, ya kuwa gyara hula. Alhaji ya ji daɗi har kunne.

"Ci gaba, Labbo, ci gaba. Na kawo shi shi ga hannun da ni ka ba shi labari. Alhaji, diba yadda shi ka yi. Hannunga ya hi na'ura."

Da Labbo mai baki ne da ya sami abin faɗa, ya ce mai ya ƙare, ya ce sai gobe. Amma ya riga ya ƙarar da dabarunsa tun ranar farko, ga idanu sun yi masa caa. Ya ce a ransa zai bi a hankali, ya ɗaga da wuri, in sun tafi a gyara. Abin da bai sani ba, inuwar dogon yaro ta gusa tun ɗazu. Hancin motar ya jima a rana, baƙin ƙarfe ya sha zafi tun kafin gammo ya taɓa shi. Da can, da ya dafa zai sani. Ya dafa, ya karkata kai, baƙi suka gyaɗa kai don sha'awa, ya kunna inji.

Daga bayan rumfa A'i ta hango inda rana take. Ta ce, "Malam, ga ruwa," a hankali, yadda ya kamaci mace a gaban baƙi. Kukan inji ya haɗiye maganar. Ta ƙara faɗa. Gammo ya hau doro. Sai ta yar da kunya ta ƙwala da dukan muryarta, "Malam! Ruwa!"

Ya ɗaga. A kan doron dama, wuri kamar faɗin ƙwayar goro ya yi toka-toka, gefensa ya tattare. Labbo bai yi shawara da kansa ba, hannun ne ya tafi da kansa ya rufe wurin. Ya kifa tafin ya danne, ya tsaya a haka, kai a karkace, kamar yana aunawa.

Baƙon ya matso yana murmushi, ya ce bari shi ma ya ji abin da gwani ke ji. Ya ɗora yatsa kusa da hannun Labbo, ya fizge da sauri ya kai baki.

"Kai! Bawan Allah, ba ka jin zahi?"

Alhaji Takama ya kama wuyan hannun Labbo ya ɗaga. Kowa ya ga ƙunar da ke kan mota, amma ba ita aka kalla ba. Tafin ya yi jawur, ga tsohon layin butar shayi ya ratsa shi, mai hannun kuwa ko gezau. Alhaji ya dubi hannun, ya dubi fuskar Labbo. Sai ya sake shi a hankali, ya ja da baya, ya goge nasa hannun a jikin riga.

Bai yi zagi ba, bai ko ambaci motar ba. Ya ce, "Allah shi sawwaƙe, Labbo," ya sa yaransa suka tura Fijo suka fitar. Labbo ya so a ce zaginsa aka yi, ya so a ce an shaƙe shi an ce ya biya. Mutanen benci suka tashi ɗaya-ɗaya, kowa ya tuna da wani uzuri.

Kafin magariba labari ya gama tasha. Da safe A'i ta hura wuta ta toya masa kamar kullum, ranar kasuwa ce, ranar da ba ta iya ɗaga kai don ciniki. Masu sayenta na shekara da shekaru suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titi, suna ɗago mata hannu daga nesa. Ta dawo da masa cike da kwano, ta ajiye a tsakar gida, ta zauna ta yi kuka mai isarta. Da ta share ido ta ce, "To, Malam, abin da mu ka ɓoyo ya hito. Yanzu mi ar rage? Tashi mu tai."

Suka shiga motar haya zuwa wani asibiti da ke gabas, bayan Malbaza. Duk hanya Labbo hannunsa na cikin aljihu. Likitan ya sa ya tuɓe riga, ya duba shi a rana gaba da baya, ya bi fatarsa da ɗan auduga yana tambaya ko ya ji, ya lalluba gwiwar hannu da bayan kunne. Ko'ina yana ji, ban da yatsu da tafi. Sai ya tambaye shi sana'arsa. Da Labbo ya kwatanta masa injin, da yadda yake karkarwa a hannu tun safe har yamma, tun zamanin Malbaza, likita ya ajiye audugar.

Ya ce ba kuturta ba ce. Karkarwar inji ce ta kashe jijiyoyin hannun a hankali, ba ta yaɗuwa, ba ta guntule yatsa. In ya bar inji abin zai tsaya inda yake. Jin da ya tafi kuwa, kada ya sa rai.

Labbo ya fito ya zauna a gindin katanga, hawaye na zuba, shi kansa bai san na murna ba ne ko na baƙin ciki. A hanyar dawowa ya hango hayaƙin gidan siminti, ya tuna Alhasan, ya kau da kai. Bai ƙara riƙe inji ba har ya bar duniya. Ya koma wankin mota da shafa mai da tsumma, aikin da ya fara da shi yana saurayi. Amma wannan daga baya ne, don a ranar ko wankin ba wanda zai ba shi. Likita ya faɗa a ɗaki, mutum biyu suka ji. Gari kuwa ya ga Alhaji Takama yana goge hannu a riga.

Daren nan A'i ta sake jiƙa shinkafa. Da safe ta ce ya biyo ta ya zauna kusa da tanda, kowa ya gan shi, wanda ke ɓuya shi ake zargi. Ya bi ta ba don ya yarda ba. Ya zauna a kan kujerar tsugune, kansa a ƙasa, masa na soyuwa tana taruwa a kwano. Rana ta ɗago. Mutane na wucewa, suna satar kallo, suna ƙara sauri. A'i na juya masa, ƙullu na raguwa ba wanda ya tsaya.

Sai ga Bala ya ratso titi, gilashin walda a goshi, fuska ba annuri. Ya tsaya a kansu ya riƙe ƙugu.

"Kai, ɗan Tajaye," ya ce, da muryar nan tasa da ake ji har cikin tasha. "Ashe ba yaji na ba. Ka bar ni ina cin tuwo ni ɗai awa maraya, ina ta tunanin mi niy yi ma. Ka ɗauka in nij ji gudu za ni yi?"

"Bala, mun tai asibiti. Lokotoro ya ce..."

"Ban tambaye ka ba." Ya juya wajen A'i. "A ba ni masa." Ta kai hannu, ya tare ta. "A'a, ba ke ba. Shi. Da hannunai."

Labbo ya ɗago ya dube shi. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya a kwano ya ba shi. Bala ya karɓa, ya juya ya fuskanci titi, ya tura ta baki gaba ɗaya yana taunawa a fili, har da lasar yatsa. Masu wucewa suka rage sauri. Wani direba da ya saba karyawa a nan ya tsaya daga nesa yana sosa ƙeya.

"Ƙaro," in ji Bala da cikakken baki. "Mai zahi ni ka so, ba wagga da tah huce ba."

Labbo ya sa yatsu ya ciro wadda A'i ta juya yanzu a cikin tanda, mai na tafasa a jikinta. Ya riƙe ta yana jira Bala ya haɗiye ta farko. Bala ya dubi masar, ya dubi yatsun, sai tauna ta tsaya masa. Ya fizge ta, ta ƙona shi, ya yi ta jefa ta daga hannu zuwa hannu.

"Wawa," ya ce, muryarsa ta sauka ƙasa, abin da ba a taɓa ji ba. "Tana ƙona ka. Daga yau ni ka hwara sa hannu cikin kwano, in na ce ka ci, sannan ka ci."

Labbo ya dubi yatsunsa, sun yi ja, mai na naso. Ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba in Bala na magana. Direban nan ya ƙaraso yana laluben aljihu, A'i ta goge ido da gefen mayafi, ta gitta tafinta a kan tanda, ta zuba ƙullu.